Dami Ɗaya, Iya Ƙarfin Wuyanka

Shekaranjiya wata mai itace ta sauke kayanta a ƙofar gidan da nake haya a Kurmin Sarki, nan Suleja, sai warin ɗanyen ɓawon kalgo ya bugi hancina. Da shi ta ɗaure itacen. In ba ka san warin ba, wani ɗaci-ɗaci ne mai ɗan bauri, kamar ka tauna ɗanyen kara ka tofar. Yaran yanzu igiyar leda kawai suka sani. Ni kuwa ina shaƙar sa na ji bayan wuyana ya sage, na tsaya riƙe da buta kamar wanda aka dasa. Na tafi gona ne, gonar da yau ko kara ɗaya babu a cikinta, sai bulo da kwano da karnukan masu kuɗi.

Karatuna bai wuce firamare ba, ita ma ban ƙarasa ba, saboda haka kada ka jira zance mai ado daga wurina. Yadda abin ya faru haka zan faɗa maka.

Ubana ɗan ƙwadago ne. Ban ce manomi ba, don manomi gona gare shi. Abin da Baba ya mallaka garma ce da fartanya da lauje, sai wuya mai kauri kamar turmi. Shekara da shekaru a gona ɗaya yake aiki, can kan hanyar Izom, gonar wani Alhaji mai fataucin goro da ke zaune a cikin gari. Da rani su yi sassabe su ƙone. Ruwan farko na sauka su shiga tsibin doya, ƙasa na manne wa garma, mutum na sunkuye tun hantsi har inuwarsa ta koma bayansa. Daga nan shukar dawa, noma, maimai. Ranar da babu makaranta nakan bi shi in riƙa kwashe ciyawa. Abincin rana a kan mai gona yake: tuwo a babban akushi da miyar kuka, wani lokaci da ɗan kan kifi wanda manya ke tura wa juna don kunya har ya ƙare a hannun yaro. Kuɗin yini kuwa, sai dai a ce an ba ka don kada ka ce ba a ba ka ba. Gishiri, kananzir, sabulu, ya ƙare.

Ainihin ladan yana zuwa ne da kaka, kuma ga yadda ake yin sa a wannan gona. In an gama yankan dawa, an ɗaure ta mai gona an jera, sai a bar tari guda na zangarniya a tsakiyar fili. Duk wanda ya yi shekarar a gonar zai je ya ɗaure dami ɗaya, girman da ya ga dama, ba mai ce masa ya isa. Sharaɗi dai, shi kaɗai zai ɗora wa kansa, ya fita da shi iyakar gona bai taɓa ƙasa ba. In ya fita, nasa ne. In ya faɗi, ya koma rumbun mai gona. Iyakar kuwa wata ɗorawa ce da ba ta da nisa da tarin, in ka yi magana a nan na can zai ji ka.

Wannan damin ba ya kai mu shekara, ko kusa. Inna takan sa a rataye shi a rufin ɗaki inda hayaƙi ke bugunsa, ba a taɓa shi sai tsakiyar damina, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, mudu ya hau sama a kasuwa. Shi ne gadar da muke bi mu ƙetare marka.

Har gobe in tsofaffi suka zauna za ka ji suna yabon wannan Alhaji, wai mutumin kirki, wai zamaninsu akwai albarka. Allah ya jiƙansa, tunda an hana mu zagin mamaci. Amma ni na gan shi da idona, zaune a kan buzu a inuwa, carbi a hannu, goro a kumatu, yana dariya yana cewa, "To bana wa zai fi?" Mutane sun yi maka bauta tun daga sassabe har girbi, haƙƙinsu ya riga ya tabbata, sannan ka ce ba za su ci ba sai sun yi maka wasan jakai ka sha kallo. Wannan shi ne kirkin. Abu ɗaya zan ba shi: in ya ga mutum ya fara tangaɗi, sai tari ya kama shi Alhajin, ya juya fuska gabas ya daɗe yana gyaran murya, har wani ya sa hannu ya tallafa wa mai damin. A zamaninsa ban taɓa ganin damin kowa ya koma rumbu ba. Ɗan guntun kunyar nan da ya rage masa, shi ake kira albarka.

Bayan ɗorawar akwai gonar wata tsohuwa Bagwariya, Gbagyi kamar yadda suke kiran kansu. Ka san matansu a kafaɗa suke ɗaukar kaya, ba sa ɗora wa kai. Duk shekara takan tsaya a bakin gonarta ta kalli wannan hidima tana taɓe baki. Wata rana ta ce wa Baba da irin Hausarta, "Kai da yake yi maka tunani, shi ka mayar jaki?" Baba ya yi dariya. Ni ma na yi, don na ga ya yi.

Sai shekarun gina Abuja suka zo. Tifa na wucewa ba dare ba rana, Suleja ta cika da baƙi, leburori da 'yan kwangila da 'yan kudu masu shaguna, kowane zaure ya zama ɗakin haya. Baki ya yi yawa, hatsi bai ƙaru ba. Mudun dawa ya riƙa tashi kamar ana hura shi, kuɗin yinin ɗan ƙwadago kuwa yana nan inda kakanninmu suka bar shi. Samari da yawa suka jefar da garma suka tafi ɗaukar kwanon kankare. Aka ce wa Baba ya bi su, ya ce shi ƙasa ya sani, bai san siminti ba.

A cikin haka Alhaji ya rasu, gona ta faɗa hannun babban ɗansa. Wannan ɗa, Baba ya sha saɓa shi a kafaɗa yana yaro ya tsinko masa ɗorawa, lokacin yana ce masa Baba. Ya yi boko, ya sami aiki a wani ofis a sabon birni, ya yi tumbi, ya sayi farar mota. Abin da ya fara yi shi ne soke tuwon rana. Wai ɗawainiya ce, za a riƙa ba kowa kuɗin abinci. Abin da ake ba su, in ka kai wa mai ƙosai sai ta dube ka ta dubi hannunka. Mutum ya wuni yana tsibin doya a kan kunun safe.

Daminar wannan shekara ba na son tuna ta. Damin bara ya ƙare da wuri, don ba mu iya jira ba, mun sauko da shi tun kafin lokacinsa. Muka koma tafasa da rama, ana yayyafa musu garin rogo don su yi kama da abinci. Ƙanwata ta ƙarshe, wadda ba a daɗe da yaye ta ba, gashinta ya yi ja ya yi laushi kamar na masara, ƙafafunta suka kumbura, ta daina kuka ma. Da ƙyar ta ga sabuwar masara. Inna ba mai yawan magana ba ce, amma ana gobe ɗaurin dami na ji ta ce wa Baba, tana tankaɗe ba ta dube shi ba, "Malam, in aka maimaita irin ta bana, yarinyar nan ba za ta kai ba." Ya tashi ya tafi saran kalgo, ya dawo da ɓawo fiye da na kullum.

Ranar, ɗan Alhaji ya zo da abokansa a mota, sun sha takalma masu sheƙi, suna ɗaga ƙafa a kan kunya kamar kaji a cikin ruwa. Ya tara mutane ya ce zancen dami tsohon yayi ne, zai ba kowa kuɗi a madadinsa. Ya fito da su sababbi yana kaɗawa. Kowa ya sunkuyar da kai. Kawuna, ƙanin Inna, wanda bakinsa ba ya da linzami, shi ya ce, "Ranka ya daɗe, mun gode. Sai dai takarda ba ta tuƙuwa. In muka karɓa yau, kafin ruwa ya sauka ko rabin damin ba za ta saya ba."

Abokan suka yi dariya, ɗan Alhaji kuwa bai yi ba. Ya mayar da kuɗinsa aljihu ya ce, "Al'ada kuke so? To a yi al'ada."

Aka shiga ɗauri. Baba ya shimfiɗa ɓawon kalgo, ya ƙulla wani a kan wani, ya riƙa jera zangarniya kai da kai, yana dannawa da gwiwa, yana ƙarawa. Ina miƙo masa yana karɓa. Inda ya saba tsayawa ya wuce, ya ƙara, ya sake ƙarawa. Ya san nisan ɗorawa kamar yadda ya san hanyar masallaci, ya auna wuyansa da wannan nisan, ya ɗaure abin da zai iya kaiwa can ko da numfashinsa na ƙarshe ne. Da ya ja igiyar ya take da ƙafa, damin ya kai masa ƙirji a tsaye.

Sai da kowa ya gama ɗauri, ɗan Alhaji ya ce, "Af, na manta ban faɗa muku ba. Iyaka ta tashi daga ɗorawa. Na sayi gonar tsohuwar nan. Ga iyaka can bakin hanya, inda aka kafa siminti. Kuma ni ba na tari."

Ka ji fa. Ashe yana yaro yana lura da tarin ubansa, ya san ma'anarsa sarai. Abin da ya ɗauka daga gidansu ke nan.

Sabuwar iyakar ta ninka tsohuwar ba sau ɗaya ba, ga kunyoyi a gicciye, ga tushiyoyin kara masu kaifi, ga wani kwari da ruwa ya zaizaye kafin a kai hanya. Mutane suka dubi nisan. Ɗaya bayan ɗaya suka durƙusa suka kwance dammunansu suna ragewa, suna mayar da abincin 'ya'yansu kan tari da hannunsu. Baba bai motsa ba. Kawu ya matso, da yake akwai wasa tsakaninsu, ya ce, "Kai tsoho, rage mana. Yayata ba ta shirya takaba ba."

Baba ya ce, "Wanda zan rage, daga cikin wa zan cire shi?"

Ya tuɓe rigarsa ya naɗa gammo. Ya mirgina damin ya jingina shi da wani suri, ya durƙusa ya cusa kai a ƙarƙashi, ya yi bisimilla. Tashin farko bai tashi ba. Na biyu gwiwa ɗaya ta miƙe, ɗayar na rawa, jijiyoyin wuyansa suka fito kamar saiwa. Sai ga shi a tsaye. Ba ka ganin fuskarsa, zangarniya ta rufe ta, sai gemu da haƙora.

Ya fara tafiya. Duk kunyar da zai ƙetare sai ya tsaya ya nemi wurin sa ƙafa. Ina binsa a gefe, hannuna na ƙaiƙayi, Kawu ya riƙe mini wuyan riga don kada in taɓa in jawo mana asara. Da ya zo daidai ɗorawa ƙafafunsa suka tsaya da kansu, don nan suka saba sauke kaya duk tsawon shekarun nan. Na ji numfashinsa kamar ana zuga zugazugin maƙera. Ɗan Alhaji ya ɗaga murya daga jikin mota ya ce, "Da saura, dattijo!" Baba ya wuce. Tsohuwar nan tana tsaye a gefen gonar da ta zama ba tata ba, ta zo kwashe 'yan kabewarta. Wannan karon ba ta taɓe baki ba. Ta sauke ƙwaryarta daga kafaɗa ta juya mana baya.

A kwarin abin ya faru. Ya sa ƙafa zai gangara, ƙasar ta zame, ya dira da ƙarfi a kan dugadugi, damin ya dawo masa gaba ɗaya. Na ji ƙara, ƙas, kamar an karya busasshen kara a cikin ɗaki. Na ɗauka igiya ce. Bai faɗi ba. Ya tsaya a cikin kwarin har na ce ba zai sake motsi ba, sannan ya hau, da jan ƙafa, da jan ƙafa, har ya gota simintin nan. Ya tsaya a bakin hanya, damin na kansa, ya kasa sunkuyawa. Can ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Ku sauke mini."

Sai da mutum uku suka kama. Da aka ɗauke, kansa ya zauna a karkace, hannunsa na dama na lilo kamar ba nasa ba.

Ɗan Alhaji ya tafa. Wallahi tafi ya yi. Ya ce, "Kai! Wannan tsoho ingarma ne!" Ya zaro takarda ɗaya ya miƙa wa Kawu wai tukuici. Cikin abokansa akwai wani ɗan kudu, shi kaɗai na ga ya ji kunya, ya ce da gurguwar Hausa, "Oga, a kai shi asibiti mana." Ogan ya duba agogo ya ce ana jiransu, kuma ai irin waɗannan ƙashinsu ƙarfe ne, gobe za ka gan shi a gona. Suka shiga mota. A kan amalanke muka kai Baba gida, shi da damin, gefe da gefe.

Bai sake riƙe garma ba. Mai ɗori ya yi iya yinsa, an sha saiwa, an yi tsaga, an yi tofi. Wuyan ya ƙi miƙewa, hannun ya bushe ya ƙanƙance. Mutumin da yake tsibin doya samari na bin bayansa suna haki ya koma zaman ƙofar gida, in zai kalle ka sai ya juyo da jikinsa duka. Ni ne babba, na ajiye allo da littafi na ɗauki garmar. Ɗan Alhaji bai taɓa leƙowa ba. Da kaka ta zagayo ya soke ɗaurin dami ɗungurungum, ya ce al'adar jahilci ce mai illata mutane, shi tausayi ba zai bar shi ya ci gaba da ita ba. Har yabonsa aka yi a gari. Bayan wasu shekaru ya yanka gonar fegi-fegi ya sayar.

Dawar kuwa mun ci. Ba zan yi maka ƙarya ba, mun ci mun suɗe hannu. Ta ƙetare da mu marka har da ɗan saura. Ƙanwata ta rayu, tana nan a Zuma da jikokinta, ba ta san komai a kan wannan rana ba sai abin da aka gaya mata. Baba ma ya ci, Inna na ba shi a baki kafin ya koyi ci da hagu. Ban taɓa jin ya yi da-na-sani ba, ban kuma taɓa jin ya zagi kowa ba. Wannan haƙurin nasa ban gaje shi ba, ba na kuma so.

Na yi ƙwadago har ƙarfina ya fara ja da baya, na lallaɓa na sami rumfa a kasuwa, yanzu awo nake yi. Ina ganin 'yan ƙwadagon yau in sun shigo da yamma. Babu tuwon rana, babu dami, babu ma wanda ya san sunansu. A kwaso su a bakin titi da safe, a goya musu tankin feshi ba abin rufe hanci, maganin na zuba a gadon bayansu, su wuni a gonar da kowa ke tsoron a sace shi a cikinta. In an tashi a ce oga bai turo kuɗi ba, a dawo gobe. Wanda aka biya ya zo gabana ya tsaya yana kallon dawar da wataƙila shi ya nome ta, ya ce a auna masa rabin mudu. Ɗana ya ce shi acaɓa zai yi, ba zai taka gona ba. Maƙwabta suka ce in yi masa faɗa, yaran zamani ba sa son wahala. Na sayar da akuya na cika masa kuɗin babur.

Sannan ga waɗancan, masu dawowa daga Abuja da katin aiki a wuya. Su faka mota su toshe mana hanya, su ɗebi dawa su watsa a baki, su tambayi kuɗin mudu, su dafe ƙirji. Kullum zancen ɗaya ne. Wai 'yan ƙwadago sun lalace da son kuɗi, sun tsauwala wa manoma, shi ya sa abinci ya gagari talaka. Talaka, in ji mai mota. Wai a da mutum zai yi maka aiki don Allah da ɗan abin da ya samu. Na san wannan da ɗin da suke kewa, na tura amalanke a cikinsa.

Ba na musu da su, ciniki nake nema. In auna musu, in zuba a leda. Sai sun gama ƙorafin su miƙo baki su ce, "Malam, ba gyara?" In ce babu. Su ce na cika rowa, in ce haka Allah ya yi ni. Ba na gaya musu dalili, don ba za su gane ba. Duk tuwon arahar da suka ci suka yi wannan tumbin, an riga an yi musu gyaransa tun a gona, da wuyan ubana.